Yadda za ka buɗe siffar sarƙar beta ta himogulobin ka ga inda sikila take farawa

Duk wanda ya taɓa zuwa gwajin jini kafin aure a Katsina ya san haruffan nan: AA, AS, SS, wani lokaci AC ko SC. Ɗalibin kimiyyar sinadaran jiki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma kuwa ya haddace cewa amino asid ɗaya tak, cikin tubalan da ake jerawa a gina furotin, ya raba himogulobin A da S. Abin da hadda ba ta ba shi shi ne wurin da amino asid ɗin yake zaune a jikin furotin, da dalilin da sauyi ɗaya cikin 146 yake lanƙwasa jan ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Wannan sai an ɗauko siffar an juya ta, an auna, an gani da ido. Aikin ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Ƙaramar kwamfuta da ɗan data sun isa, kuma rabinsa ma ana iya yi a waya.

Himogulobin na babban mutum sarƙoƙi huɗu ne a haɗe: alfa biyu masu amino asid 141 kowace, da beta biyu masu 146. Kowace sarƙa tana naɗe kanta ta zama dunƙule guda mai cin gashin kansa, abin da masana suke kira domen. Ka ɗauke shi kamar sashe a babban gidan gado: katanga ɗaya ta kewaye kowa, amma kowane sashe da ɗakunansa da madafinsa. Domen ɗin da za mu duba sunansa gulobin, kuma a cikin kowanne akwai hem, wani faffaɗan zobe kamar faifai mai ƙwayar ƙarfe ɗaya a tsakiya. A kan ƙarfen nan oksijin yake sauka.

Mataki na farko: zaɓen fayil

Siffofin furotin ana ajiye su ne a rumbun PDB, wanda aka kafa a 1971 a Amurka, kuma kyauta ne ga kowa ta shafin RCSB. Kowace siffa tana da lamba mai harafi huɗu. Uku za ka buƙata. 4HHB himogulobin A ne wanda ba ya ɗauke da oksijin, daga aikin Max Perutz da abokan aikinsa na 1984. Perutz ɗin nan shi ya raba kyautar Nobel ta 1962 da John Kendrew saboda gano siffar irin waɗannan furotin. 2HBS himogulobin S ne, shi ma ba oksijin, na 1997. 1HHO kuma himogulobin A ne da oksijin a jikinsa.

Kafin ka sauke kowanne, duba adadin da aka rubuta a gaban kalmar Resolution. Shi ne ma'aunin tsabtar hoton, da angistirom, wato kashi ɗaya cikin goma na nanomita. Ƙaramin adadi ya fi kyau. 4HHB yana da 1.74, 2HBS 2.05, 1HHO 2.1. Duk ukun sun isa a ga reshen kowane amino asid. Da zarar adadin ya haura 3, kada ka yarda da awon tazarar ƙwayoyin zarra sai da taka-tsantsan. In aikin kammala digiri ne kuma awo ne jigonsa, 2DN2 ya fi 4HHB, domin nasa 1.25 ne.

Sauke fayilolin ka ajiye a babban fayil guda tun wuta da intanet suna nan. 4HHB bai kai megabait ɗaya ba. Wanda ya dogara da cewa zai jawo su kai tsaye ranar gabatar da aiki a gaban malamai, shi ya san abin da zai tarar.

Mataki na biyu: manhaja

A waya, buɗe lambar a shafin RCSB ka shiga wurin kallon siffa. Manhajar Mol* tana aiki a cikin burauza, ana juyawa da yatsa ɗaya, a matso da biyu. Ta isa kallo da gane sarƙoƙi. Awo da ɗora siffa kan siffa sun fi sauƙi a kwamfuta da PyMOL, wadda take da sigar ɗalibai kyauta. ChimeraX ma kyauta ce ga masu karatu, amma umarnonin da ke ƙasa na PyMOL ne. Nemi linzami mai maɓalli uku: na hagu juyawa, na dama matsowa, na tsakiya jan siffar gefe. Da allon taɓawa na kwamfutar cinya kaɗai za ka sha wahala.

Mataki na uku: raba sarƙoƙin

A layin umarni rubuta waɗannan, ɗaya bayan ɗaya:

load 4hhb.cif
remove solvent
hide everything
show cartoon
util.cbc
show sticks, resn HEM

Layi na biyu yana kwashe ƙwayoyin ruwa da ke cika fuska da ɗige-ɗige. Na biyar yana ba kowace sarƙa launinta. A wannan fayil A da C su ne alfa, B da D beta. Juya siffar har ka hango ramin da ya ratsa tsakiyarta. A bakin ramin, tsakanin beta biyun, sinadarin 2,3-BPG yake zama, inda His2 da Lys82 da His143 (haruffan gajeren sunan amino asid ne, lambar kuma gurbinsa a sarƙa) suke riƙe shi, kuma shi yake sa himogulobin ya saki oksijin cikin sauƙi a tsoka.

Yanzu ware beta guda:

create beta, 4hhb and chain B
disable 4hhb
set seq_view, 1

Abin da ya rage a gabanka shi ne domen ɗin gulobin. Kusan dukkansa murɗaɗɗun sanduna ne kamar sifirin ɗin biro, waɗanda ake kira helis. Takwas ne a beta, an sa musu suna A zuwa H. Alfa tana da bakwai, ba ta da D. Iyakokinsu a beta su ne: A daga 4 zuwa 18, B 19 zuwa 34, C 35 zuwa 41, D 50 zuwa 56, E 57 zuwa 76, F 85 zuwa 93, G 99 zuwa 117, H 123 zuwa 143. Manhajar tana iya matsar da iyakar da amino asid ɗaya ko biyu, domin da lissafinta take zana helis, kuma wannan ba kuskure ba ne. A kula, haruffan helis daban suke da haruffan sarƙa. Helis B ba sarƙa B ba ce, kuma ɗalibai da yawa a nan suke fara ruɗewa.

Ba sai ka rina duka takwas ba. E da F su ne masu muhimmanci:

color gray80, beta
color cyan, beta and resi 57-76
color orange, beta and resi 85-93
color red, beta and resn HEM

Za ka ga hem a maƙale tsakanin E da F kamar kwabo tsakanin yatsu biyu.

Mataki na huɗu: awon ƙarfe

Histidin biyu suke gadin ƙarfen, ɗaya ta kowace fuska. His92, wanda yake kan helis F, yana riƙe da ƙarfen kai tsaye. His63 na helis E yana ɗaya gefen, ya ɗan ja baya ya bar gurbin da oksijin zai shiga. Auna ka tabbatar:

show sticks, beta and resi 63+92
distance d1, beta and resi 92 and name NE2, beta and name FE
distance d2, beta and resi 63 and name NE2, beta and name FE

Na farko zai ba ka abin da ya ɗan haura angistirom 2, na biyu kusan ninkinsa, wajen 4 ko sama kaɗan. Tazarar 2 ɗauri ne na gaske, tazarar 4 kuwa fili ne. In ka ga layukan awo da yawa sun watsu a fuska, ka manta ka rubuta sunan beta ne, sai manhajar ta auna daga kowane abu da ke buɗe. In kana son yin irin wannan a alfa, lambobin su ne His87 da His58.

Juya hem ɗin ka kalle shi ta gefe, yadda zai zama siriri kamar layi. Ƙarfen bai zauna daidai tsakiyar faifan ba, ya ɗan leƙo wajen His92 da kimanin rabin angistirom. Idan oksijin ya kama, ƙarfen yana komawa cikin faifan, ya ja His92, shi kuma ya ja helis F gaba ɗaya. Wannan ɗan motsi ne yake kaiwa ga sauran sarƙoƙin uku.

Mataki na biyar: gurbi na 6, da tarkon lamba

A nan ya kamata ka rage gudu. Farkon sarƙar beta haka yake: Val, His, Leu, Thr, Pro, Glu, Glu, Lys. Na shida Glu ne, wato gulutamik asid, kuma shi ne yake komawa Val, wato balin, a himogulobin S. Tushen abin harafi ɗaya ne a ƙwayar gado ta HBB, mai ɗauke da tsarin sarƙar beta, da ke kan kuromosom na 11, inda GAG ya koma GTG. Vernon Ingram ya gano sauyin amino asid ɗin a 1956 zuwa 1957, bayan Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa himogulobin masu sikila yana tafiya daban a cikin lantarki.

Ga tarkon. Rumbun UniProt, inda beta take da lamba P68871, yana ƙirga amino asid Met na farko wanda jiki yake yankewa bayan an ƙera sarƙar. Saboda haka a can tsawonta 147 ne, kuma sauyin sikila yana gurbi na 7. Rahotannin gwajin ƙwayoyin gado na zamani ma Glu7Val suke rubutawa. Fayilolin PDB da muke amfani da su kuwa da tsohon ƙirge suke tafiya, Glu6Val. Abin da ya sa kuskuren yake wucewa ba a kama shi ba shi ne na 6 da na 7 duka Glu ne. Mutum zai karanta 7 a takarda, ya zaɓi 7 a 4HHB, ya ga Glu, hankalinsa ya kwanta, alhali maƙwabcin ya kama. Hanyar tabbatarwa ita ce ka duba wanda ke gabansa a jeri: Glu na sikila shi ne wanda yake bin Pro kai tsaye. Siffar da AlphaFold, tsarin kwamfuta mai hasashen siffar furotin, ya hasaso ta P68871 da ƙirgen UniProt take, kuma sarƙa ɗaya ce ba hem, don haka ba ta dace da wannan aiki ba.

Wani ƙaramin tarko: in ka rubuta resi 6 ba ka faɗi sarƙa ba, za ka haɗa da na alfa, wanda Asp ne.

show spheres, beta and resi 6
show surface, beta
set transparency, 0.4

Glu6 yana kan helis A, a bayan gida, yana fuskantar ruwa, nesa da hem. Shi ya sa himogulobin S yake ɗaukar oksijin lafiya lau. Matsalarsa tana fata ne. Glu yana da cajin lantarki mai ragi, yana son ruwa. Val ba shi da caji, ɗabi'arsa ta man gyaɗa ce a cikin ruwa, kullum neman ɗan'uwansa mai yake ya maƙale.

Wannan cajin shi ne abin da ma'aikacin ɗakin gwaji yake karantawa a takardar selulos asitet a ruwan gwaji mai pH wajen 8.6. A yana gudu gaba, S da ya rasa caji ɗaya a kowace beta yana biye, C kuma yana can baya, domin a C gurbin nan na 6 Lys ne mai caji na ƙari. Gwajin caji kawai yake gani, shi ya sa himogulobin D da G suke tsayawa a layin S, kuma ake buƙatar gwaji na biyu kafin a yanke hukunci in an yi shakka.

Mataki na shida: ɗora S a kan A

load 2hbs.cif
remove solvent
align 2hbs and chain B, beta

Manhajar za ta buga wani adadi mai suna RMSD, matsakaicin bambancin siffofin biyu. Ba zai kai angistirom 1 ba. Ma'ana, naɗin sarƙar bai canza ba. Ana yawan jin ɗalibai suna rubuta cewa sauyin sikila yana lalata siffar furotin, kuma wannan awo ya isa ya nuna cewa ba haka abin yake ba. Kowane himogulobin S shi kaɗai lafiyarsa ƙalau. Ɓarnar tana faruwa ne idan suka haɗu da juna.

Za ka lura 2HBS yana da sarƙoƙi takwas, A zuwa H. Himogulobin biyu ne cikakku a fayil ɗaya, kuma sa'a ce, domin mahaɗarsu muke nema. Beta su ne B, D, F, H.

Mataki na bakwai: aljihun da Val yake faɗawa

A kusurwar da ke tsakanin helis E da F akwai wani ɗan lungu mai maiƙo wanda Phe85 da Leu88 suka yi, Ala70 yana gefe. Himogulobin A ma yana da lungun, sai dai ba shi da abin da zai cusa a ciki. A S, Val6 na wani himogulobin yana shiga lungun maƙwabcinsa kamar maɓalli a kafar riga.

disable beta
hide everything, 2hbs
show cartoon, 2hbs
select bal, 2hbs and chain B+D+F+H and resi 6
select aljihu, 2hbs and chain B+D+F+H and resi 70+85+88
show spheres, bal or aljihu
color red, bal
color yellow, aljihu

Juya har ka sami inda ja ya taɓa rawaya ta wata sarƙa. Sannan ka tambayi manhajar maƙwabtan kowane Val:

select kusa, byres (2hbs within 4.5 of bal)

Duba jerin da ya haskaka a sama. Za ka ga wasu Val ɗin suna da Phe85 da Leu88 a kusa, wasu kuma ba kowa sai 'yan sarƙarsu. Dalili biyu ne. Na ɗaya, a kowane himogulobin Val6 guda ne kawai cikin biyun yake shiga wannan mahaɗa, ɗayan yana zaune banza. Na biyu, fayil yana nuna ɗan yanki ne na kiristal, wato daskararren jerin furotin da aka ɗauki siffar daga gare shi, kuma abokin wani Val ɗin yana cikin yankin da ba a zana ba. Don ka fito da shi:

symexp mak, 2hbs, 2hbs, 5

Wannan yana kawo duk maƙwabtan da ke cikin tazarar angistirom 5. Fuska za ta cika, kuma tsohuwar kwamfuta tana iya tsayawa cik, musamman in ka bar surface a kunne. Kashe shi tukuna, ka ɓoye maƙwabtan ɗaya bayan ɗaya har sai waɗanda suka jeru a layi sun rage. Abin da za ka gani igiya ce mai tufka biyu, himogulobin yana bin himogulobin. A cikin jan ƙwayar jini irin wannan tufka bakwai ne suke murɗewa tare su ba da zare mai igiya 14, kuma tarin zarurrukan nan ne yake miƙar da ƙwayar, ya sandare ta. Ƙwayar da ta saba yin kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, kuma kafin ta mutu tana toshe ƙananan jijiyoyi.

Kada ka ɗauka duk inda furotin biyu suka taɓa juna a kiristal haka suke a jiki. Yawancin irin wannan taɓawa cunkoson kiristal ne kawai. An yarda da wannan mahaɗar ne domin hotunan zaren da aka ɗauka da madubin lantarki da kuma gwaje-gwajen sauya amino asid sun goyi bayanta.

Tun kana wurin, haska gurbi na 87, wanda yake dab da aljihun. A beta Thr ne. A sarƙar gama ta himogulobin F, na jarirai, Gln ne, kuma yana cikin abin da yake hana F shiga zaren. Wannan ne ya sa jariri mai SS ba ya nuna alama sai bayan watanni, lokacin da F ya ragu, kuma shi ne dalilin da likitoci suke ba da haidiroksiyuriya, wadda take ɗaga yawan F. Mai AS kuwa S ɗinsa bai kai rabi ba, yawanci kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari, sauran A ne da ke tsinka jerin.

Zaren ba ya haɗuwa nan take. Akwai ɗan jinkiri bayan oksijin ya sauka, kuma yawancin ƙwayoyin suna komawa huhu kafin jinkirin ya ƙare. Tsawon jinkirin ya dogara ƙwarai da kaurin himogulobin a cikin ƙwayar: ƙarin kauri kaɗan yana gajarta shi ninki da yawa. Shawarar yawan shan ruwa da ake ba masu sikila a zafin Afrilu na Katsina daga nan ta samo tushe.

Mataki na takwas: me oksijin yake canzawa

Fara sabon zama da reinitialize. A nan akwai abin da yake ba mutane mamaki: in ka buɗe 1HHO yadda yake, sarƙa biyu kawai za ka gani, A da B. Rabin ne aka ajiye, domin ɗaya rabin kwafinsa ne a kiristal. Sauke fayil ɗin da RCSB ya kira Biological Assembly, ko ka rubuta:

fetch 1hho, type=pdb1
set all_states, on
load 4hhb.cif
align 4hhb and chain A+B, 1hho and chain A+B, target_state=1

Ka ɗora alfa da beta na farko a kan juna, saboda haka su za su zauna kusan daidai. Kalli ɗaya ma'auratan. Sun juya da kimanin digiri 15, kuma ramin tsakiyar ya tsuke a mai oksijin har BPG ba ya samun wurin zama. In ka ɗora sarƙoƙi huɗun gaba ɗaya, manhajar za ta raba bambancin ko'ina, juyawar ta ɓace maka. Siffar da ba oksijin ana kiranta T, mai oksijin R. Zaren sikila da siffar T yake ginuwa, domin a R mahaɗan ba sa faɗawa daidai, shi ya sa ƙwayar da ta lanƙwashe take iya warwarewa in ta sami oksijin, har zuwa ranar da fatarta ta gaji.

Mataki na tara: fitar da hoto

bg_color white
set ray_opaque_background, 1
png sikila.png, width=2000, dpi=300, ray=1
save aiki.pse

Farin bango ya fi baƙi in za a buga a takarda, don baƙi yana shan tawada kuma yana fitowa dishi-dishi a injin shagon buga takardu. Launi uku sun isa, kuma ka zaɓi waɗanda za a bambance ko an buga baƙi da fari. A ƙarƙashin hoton rubuta lambar PDB, da sarƙar da aka nuna, da ƙirgen da ka bi, na PDB ko na UniProt. Ka riƙa adana fayil ɗin pse bayan kowane mataki, domin in ka yi kuskure ka sami inda za ka koma.